Gishiri yana fitar da ruwa daga kabeji, to yaya yake mayar da ruwa jikin mai gudawa?

Maman_Husna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya ku raba mu gardama da 'yata. Jiya ina haɗa kwaɗon kabeji da kokwamba, na yayyanka na barbaɗa gishiri na ajiye. Kafin in gama soya mai na dawo na tarar ruwa ya taru a gindin kwano, kabejin ya yi laushi ya saki jiki. Yarinyar tana aji biyu na babbar sakandare, ta ce wai osmosis ne, gishirin ne ya janye ruwan da ke cikin ganyen. Na ce to na ji. Amma in haka ne, don me idan yaro yana gudawa ake cewa a ba shi ruwan gishiri da sukari don ruwan jikinsa ya dawo? Abin da ya tsotse ruwan kabeji ai kamata ya yi ya ƙara tsotse na yaron. Ta ɗauko littafinta muka duba tare, littafin ma bai fitar da mu ba.

Bakano_Zalla:
Wa alaikumus salam. Hajiya a fara turo kwaɗon tukuna, ba a kimiyya da yunwa.

MalaminBayoloji:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayar nan ta fi waɗanda nake ba ɗalibaina a jarrabawa kyau. Bari in fara daga tushe.

Jikin duk wani mai rai, mutum ne ko kabeji, an gina shi da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ake kira sel ko ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana lulluɓe da tantani siriri ƙwarai, sai an jera wajen 10,000 kafin su kai kaurin takarda guda. Tantanin na maiƙo ne, ninki biyu, kuma yana da zaɓe. Iskar oksijin da muke shaƙa tana ratsa shi kai tsaye. Ruwa ma yana wucewa. Gishiri da sukari kuwa ba sa wucewa sai in akwai ƙofar da aka tanadar musu.

Abu na biyu, ƙwayoyin kowane abu ba sa zama wuri ɗaya, kullum motsi suke suna karo da juna. Ki jefa zoɓo a ruwa kada ki juya, a hankali jan zai bar inda ya yi cunkoso ya kama ko'ina. Babu wanda ya tura shi. Inda suka yi yawa, masu fita sun fi masu shigowa, shi ke nan. Wannan shi ne difushin, wato bazuwa.

Osmosis kuma bazuwar ruwa ne shi kansa, idan akwai tantani a tsakani da yake barin ruwa ya hana gishiri. Ruwan yana barin ɓangaren da ya fi tsinkewa ya koma ɓangaren da ya fi kauri da abin da ya narke a ciki. Da kika barbaɗa gishiri, ɗan damshin da ke bayan ganyen ya zama ruwan gishiri mai kauri, na cikin ɗakunan kuma tsinkakke ne, sai ya fito. Zancen mai gudawa zan dawo kansa, an buga ƙararrawa, ina da aji.

ManominKadawa:
Allah ya gafarta Malam, ashe abin da ya same ni ke nan. Shekarar da na fara noman rani na zuba yuriya a gindin tumatir dab da jijiya, hannuna ya yi nauyi don ina son ya yi saurin tashi, kuma ban ba shi ruwa a ranar ba. Kwana biyu layi uku suka yi yaushi kamar an bi su da wuta. Tsofaffin wurin suka ce taki ya ƙone shi. Ni kuwa na daɗe ina mamakin yadda abin da ba shi da zafi zai ƙone shuka.

Injiniya_Zazzau:
@ManominKadawa shi ne. Ƙasar da ke kewaye da jijiyar ta fi cikin jijiyar kauri, maimakon ruwa ya shiga sai ya riƙa fita. Shuka tana tsaye a ƙasa mai damshi ƙishirwa na kashe ta. Ita yuriya tana da ƙarin illa, tana fitar da iskar amoniya da ke cutar da ƙananan jijiyoyi, don haka duka biyu ne suka haɗu maka.

Amma ina da gyara ga 'yar Hajiya. A daina cewa gishiri yana "janyo" ruwa ko yana "tsotsa". Gishiri ba shi da baki ba shi da hannu. Ruwa yana tsallaka tantanin ta kowane ɓangare a kowane lokaci, sai dai mai tafiya wajen gishirin ya fi mai dawowa.

Bakano_Zalla:
Zazzagawa da son gyara. In na ce rana ta faɗi sai ka ce min ƙasa ce ta juya. Mun ji, amma kwano dai ya cika da ruwa, kuma kafin a sa gishiri bai cika ba.

Injiniya_Zazzau:
Ai Bakano in ba a gyara masa ba sai ya buɗe shago yana sayar da kuskuren.

Anti_Yankaba:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma sana'ata ke nan, kayan miya. Alayyahu ko latas in ya kwana ya yi laƙwas, muna yayyafa masa ruwa ko mu tsoma gindinsa a bokiti, kafin hantsi ya miƙe kamar yanzu aka yanko shi. Wato nan ruwan shiga yake maimakon fita ko? Kuma in na fahimta, da zan sa gishiri a ruwan yayyafin da na yi asarar kayana.

MalaminBayoloji:
@Anti_Yankaba daidai kika fahimta, kuma kin yi bayanin fiye da wasu masu digiri. Ruwan bokiti ya fi na cikin ganye tsinkewa, sai ya shiga, ɗakunan su cika su yi tantsan-tantsan, ganye ya miƙe. Abin da ya sa ba sa fashewa, ɗakunan tsiro suna da katanga mai ƙarfi a bayan tantanin. Na dabba da na mutum ba su da ita.

Dan_Gwammaja:
Wa ya tuna lokacin da muke yara muna barbaɗa wa tana gishiri da damina tana murɗe-murɗe? Allah ya yafe mana. Haka in matsattsaku ya kama mutum a rafi.

MaiKilishi_Agadasawa:
Kafin wani ya kawo misali da kilishi, don na san za a zo nan, bari in riga ku. Kilishi ba gishiri ne ke busar da shi ba. Yanka ne siriri da rana, sannan labu, a sake shanyawa, a nuna masa wuta. Gishirin da ke ciki na ɗanɗano ne. In kuna neman inda gishiri ke aiki sosai ku je wajen masu harkar fata, ku ga yadda ake zuba wa ɗanyar fata gishiri tana tsiyayar da ruwa don kada ta ruɓe kafin a kai ta majema.

Injiniya_Zazzau:
Gaskiyarka. Kuma ba fatar kaɗai ke rasa ruwa ba, ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da ita ma sel ne masu tantani, suna faɗawa cikin gishirin nan nasu ruwan zai fita. Zuma ma haka, sukarinta ya yi kauri har yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a ciki, shi ya sa take daɗewa.

Maman_Husna:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da tumatir da tana da fata. Amma jama'a har yanzu ba a taɓo tambayata ba. Duk misalan nan ƙara min ƙarfi suke yi: gishiri a waje, ruwa ya fita. To yaron da aka ɗura wa gishiri a hanji fa?

Nas_Mai_Dare:
Hajiya yanzu na sauka daga aiki, bari in gwada. Amsar tana cikin awo. Gishirin da kika barbaɗa wa kabeji ya ninka na cikin ganyen nesa ba kusa ba. Ruwan ORS kuwa, wato ruwan gishiri da sukarin da ake ba mai gudawa, tsinkakke ne. A cikin lita guda na haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, gishirin abinci giram 2.6 ne kacal, sukarin gulukos giram 13.5, sai ɗan fotasiyam da sitiret. Kwatanta da ledar ƙarin ruwa da muke ɗaurawa, wadda aka yi ta daidai da kaurin jini: giram 9 na gishiri a lita. Ko da an haɗa duk abin da ke cikin ORS, bai kai jini kauri ba. Don haka in ya sauka hanji, ruwa shiga jiki zai yi, kamar alayyahun Anti a bokiti.

Kuma tsoronki yana kan hanya. Idan aka cika gishiri ko sukari, abin da ya sami kabeji shi zai sami yaron. Na sha karɓar yara da aka yi wa haɗin gida da cokalin cin abinci maimakon na shayi, ko aka zuba fakiti guda a kofi ɗaya wai don ya fi ƙarfi. Gudawar ƙaruwa take yi, gishiri ya hau a jini, wani har ya kai ga jijjiga. Haka masu ba yaro lemon kwalba, da yawansu sukarin da ke ciki ya haura giram 100 a lita, ruwa yake kira zuwa cikin hanji.

Maman_Husna:
Yauwa, yanzu na fara ganin haske. Amma in tsinkewa ake nema, ai ruwa zalla ya fi komai tsinkewa. Me ya kawo gishiri da sukari tun farko?

Dalibin_Likitanci:
Mama ki ba ni dama in shigo nan, don mun yi wannan a aji biyu kuma na sha wahalarsa a jarrabawa. Mai gudawa ba ruwa kaɗai yake zubarwa ba, har da gishirin jikinsa, sodiyam da fotasiyam. In kika mayar da ruwa zalla ba gishiri, jini ya tsinke, jiki ba zai iya riƙe ruwan ba.

Sukarin kuma shi ne abin mamakin. A tantanin ɗakunan da suka shimfiɗe cikin hanji akwai wata ƙofa ta furotin da ba ta buɗewa sai sodiyam da gulukos sun zo tare, sodiyam biyu gulukos ɗaya. Kamar mai gadin da ya ce ba ya barin gwauro ya shiga sai da iyali. Suna shiga, ɓangaren jiki ya ƙara kauri, ruwa ya biyo su ta osmosis. Wato dokar kabeji ce dai, ruwa yana bin gishiri, sai dai a nan an fara shigar da gishirin ciki ne ruwan ya bi shi.

A cutar kwalara, gubar ƙwayar cutar tana sa hanji ya riƙa zubo gishiri waje, ruwa na bin sa lita-lita. Amma wannan ƙofar ta sodiyam da gulukos ba ta lalacewa, tana nan tana aiki. Wani masani Ba'amurke, Robert Crane, shi ya fara bayyana ta a 1960. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a durom ana ba mutane. Mace-macen suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Bakano_Zalla:
Ikon Allah. Gwauro ko a hanji ba a barin sa ya wuce.

MalaminBayoloji:
Na dawo na tarar an gama min aikina. @Dalibin_Likitanci Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya zan ƙara saboda 'yar Hajiya kada ta rubuta kuskure a WAEC: shigar sodiyam da gulukos ta wannan ƙofar ba bazuwa zalla ba ce. A ɗaya gefen ɗakin akwai wani famfo da ke kwashe sodiyam yana fitarwa zuwa ɓangaren jini, uku waje, fotasiyam biyu ciki, kuma yana cin kuzarin jiki kafin ya yi hakan. Shi yake sa cikin ɗakin kullum yana da ƙarancin sodiyam, har na hanji ya samu gangaren da zai bi ya ja gulukos. Difushin da osmosis kyauta suke, gangara ce. Famfo kuwa hawan tudu ne, sai an biya.

Kaka_Talatu:
Ni dai a zamaninmu rediyo ta koya mana da kwalba: ruwa cikin kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari cokali goma ko ƙwaya biyar. Da shi na raini 'ya'yana. Yanzu kuma jikata ta ce min wai cokali shida ne da rabin cokalin gishiri. Wanne ne gaskiya?

Nas_Mai_Dare:
Kaka barka da war haka. Na jikarki shi ne wanda ake koyarwa yanzu a mafi yawan wurare: lita guda ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Naku na da an yi shi ne da wani ƙaramin cokali na musamman, kuma ya fi na yanzu kauri. Matsalar duka biyun, cokalin gidan wani ba na gidan wani ba ne. Shi ya sa in dai ana samun na fakiti a kemis, shi ya fi. A karanta yawan ruwan da aka rubuta a jiki, a zuba daidai, in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In dole sai na gida, a ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko idonsa ya faɗa ya yi laushi, wannan na asibiti ne ba na cokali ba.

Kaka_Talatu:
To Allah ya yi albarka. Amma ni nawa bai taɓa ba ni kunya ba.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan SRO muke ce mishi, da harshen Faransa. In ka kai yaro likita suna haɗa maka da ƙwayar zinki ta kwana goma. Tambayata ga malama nas: tunda ruwa ake so, mi ya hana a ɗaura ma mutum ruwa tsantsa ga jijiya, wanda aka tace babu komi ciki? Na taɓa tambayar wani lokotoro ya yi dariya kawai bai ba ni amsa ba.

Nas_Mai_Dare:
@Dan_Maradi Allah ya kiyaye. Ka tuna abin da Malam ya ce, ɗakunan mutum ba su da katanga. Jajayen ƙwayoyin jini in suka tsinci kansu cikin ruwa zalla, ruwan zai yi ta shiga suna kumbura har su fashe. In kuma ruwan ya fi su gishiri, su motse su yamutse. Giram 9 ɗin nan shi ne tsakiya, mai shiga da mai fita daidai.

Dalibin_Likitanci:
Kuma saurin da ruwa ke shiga jajayen ƙwayoyin nan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, tunda tantanin na maiƙo ne, ruwa da mai kuwa ba sa ga maciji. Sai a 1992 Peter Agre da abokan aikinsa a Amurka suka nuna akwai wasu ƙofofi na ruwa kaɗai, akwaforin. Sun sa furotin ɗin a ƙwan kwaɗo suka jefa a tsinkakken ruwa, masu shi suka kumbura suka fashe, marasa shi suka zauna lafiya. Ya sami kyautar Nobel a 2003. Ƙoda tana cike da su, da su take mayar da kusan duk ruwan da ta tace, wajen lita 180 a rana, ta bar lita ɗaya da wani abu ya fita fitsari.

Alhaji_Jidda:
Lita 180? Ɗana ba ka ƙara gishiri ba kuwa?

Dalibin_Likitanci:
Wallahi Alhaji ban ƙara ba. Jinin ne yake zagayowa ana sake tace shi sau da yawa a yini.

Alhaji_Jidda:
Subhanallah. To ni ga tawa. Shekarata goma sha a nan, teku tana gabanmu, amma ba ta kashe ƙishirwa, an ce ma wanda ya sha ƙara masa take. Kuma ruwan da muke wanka da girki da shi daga tekun nan ake tace shi, tashar Shu'aiba ce ke ba Jidda da Makka. In ruwa kullum wajen gishiri yake tafiya, su yaya suke raba shi da gishirin?

Injiniya_Zazzau:
Ranka ya daɗe an zo fagena. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita, kusan ninki huɗu na ledar da nas ta ambata. Ƙodar mutum ba ta iya yin fitsari mai gishirin da ya kai haka, don haka kafin ta fitar da gishirin kofi ɗaya sai ta kashe ruwan da ya fi kofi ɗaya.

Tacewar kuma hanya biyu ce. Tsohuwar ita ce a tafasa a kama tururin. Wadda ta fi yaɗuwa yanzu ita ce a juya osmosis baya da ƙarfin tsiya. Ana sa tantani na roba mai barin ruwa ya hana gishiri, sai a danna ruwan tekun da famfo. Ƙarfin da ruwa ke son komawa wajen gishirin teku ya kai ninki goma da wani abu na iskar tayar mota, to sai famfon ya ninka wannan kafin ruwa ya yarda ya tafi inda ba ya so. Shi ya sa abin ke shan lantarki. Irin na'urar ce, ƙarama, wasu masu fiya wata ke amfani da ita, ita ce RO da kuke gani a jikin leda.

Tunda na karɓi magana, akwai misalin da malamai ke bayarwa da ba na so: wai in aka sa turaren wuta a lungu ƙanshi ya cika ɗaki, difushin ne. Yawancinsa iska ce ke ɗaukarsa, hayaƙi mai zafi ya tashi ya zagaya. Bazuwa zalla tana da sauri a gajeren zango ne kawai. In tazara ta ninka goma, lokaci ya ninka ɗari. Oksijin a ruwa yana ratsa faɗin sel ɗaya kafin ƙiftawar ido, santimita ɗaya kuwa sa'o'i ne, mita ɗaya shekaru. Dalilin da ya sa ɗakunan jiki ƙanana ne ke nan, kuma dalilin da ya sa muke da zuciya mai harba jini. A huhu, tsakanin iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

MalaminBayoloji:
Injiniya na karɓi gyaran, amma ba zan daina misalin turare ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a aji mai mutum tamanin, in na fara masa da lissafin tazara na rasa shi. Ya fara kama hoton, gyara ya biyo baya.

Injiniya_Zazzau:
Gyaran ne ba ya zuwa Malam. Ni sai a jami'a na gane.

Uwar_Biyu:
Ku dakata da faɗan in tambaya. Yatsuna in na daɗe ina wanki suna yamutsewa. Osmosis ne shi ma? Na ga an rubuta haka a wani wuri.

Dalibin_Likitanci:
Anti an daɗe ana faɗin haka, amma ba shi ba ne gaba ɗaya. Tun shekarun 1930 likitoci suka lura cewa yatsan da jijiyar saƙonsa ta yanke ba ya yamutsewa ko ya daɗe a ruwa. Jiki ne da kansa ke tsuke ƙananan hanyoyin jini a kan yatsa, fatar ta tattare. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne mai ciwon suga da ke yawan fitsari da ƙishirwa. Sukari ya yi yawa a jini, ƙoda ta kasa mayar da shi duka, wanda ya zube cikin fitsari ya tafi da ruwa.

Dan_Gwammaja:
To randa fa? Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta.

Anti_Yankaba:
Kai ma dai. Wannan ai huda ce a jikin yumɓu, iska ta busar ruwan ya yi sanyi. Randa ba ta zaɓen abin da zai wuce. Ko ba haka ba Malam?

MalaminBayoloji:
Haka ne Anti, na ba ki maki goma.

Husna ki gwada wannan a gida, shi ake yawan kawowa a jarrabawar gwaji. Ki fere dankalin turawa babba, ki yanke gindinsa ya zauna, ki rarake tsakiyarsa kamar ƙoƙo. Ki zuba ruwan sukari mai kauri zuwa rabi, ki soka allura daidai inda ya tsaya, ki zaunar da shi a faranti mai ruwa zalla. Ki yi na biyu da dafaffen dankali. Bayan 'yan sa'o'i ki duba. Doya ma tana yi.

Maman_Husna:
Mun gwada tun bayan azahar. Na ɗanyen ruwan ya haura allurar sosai, har ya kusa baki. Na dafaffen yana nan inda yake, sai ma ruwan farantin da na ɗanɗana na ji zaƙi-zaƙi. Husna ta ce wuta ta kashe tantanin ne, ya daina zaɓe, komai na wucewa. Ƙanenta kuma ya cinye rabin dafaffen kafin mu ɗauki hoto.

Bakano_Zalla:
Yaron nan shi kaɗai ya fahimci darasin.

ManominKadawa:
Ni har yanzu akwai abin da ya tsaya min. Injiniya ya ce gishiri ba ya ja. Ɗalibin likita ya ce ruwa yana bin gishiri. Nas ta ce sukari yana kiran ruwa. In ba ya ja, me ya ɗaga ruwan dankalin Hajiya sama, alhali ruwa gangara ya sani? Wani abu dai ya ɗaga shi.

Injiniya_Zazzau:
Tambaya ce mai nauyi, kuma littattafan sakandare tsallake ta suke yi. A taƙaice, ƙwayoyin sukari suna ta karo da tantanin suna son wucewa, tantanin yana mayar da su baya, su kuma in sun koma suna tafiya da ruwan da ke kewaye da su, sai na waje ya shigo ya cike gurbin. Ƙarfin daga motsin ƙwayoyin yake da turin da tantanin ke yi. Cire tantanin ka ga in wani abu zai hau, dafaffen dankalin ya riga ya nuna maka.

MalaminBayoloji:
Wannan bayani ɗaya ne daga cikin waɗanda ake bayarwa, Injiniya, kuma ba shi mai duba takardar WAEC yake nema ba. Husna ki rubuta abin da ke littafinki.

Dan_Maradi:
To kifi hwa? Tarwaɗa tana cikin ruwan daɗi dare da rana, jininta ya fi ruwan da take ciki gishiri. Bisa ga abin da kuka ce ya kamata ta kumbura ta hwashe kamar ƙwan kwaɗon nan. Wa zai amsa min wannan kahin in kwanta?